Ɗan Wa Ke Zama Jakadan Amurka?

Duk wanda ya taɓa bin layin neman bizar Amurka a Abuja ko Legas ko Yamai ya san tagar nan ta gilashi. Kana tsaye riƙe da takardunka, wani matashi ko matashiya na zaune a ɗaya ɓangaren, a yi maka tambaya uku ko huɗu, kafin ka gama gyara tsayuwa an yanke hukunci. Akasarin masu wannan aiki sababbin jami'an diflomasiyya ne, domin a al'adar ma'aikatar harkokin wajen Amurka sabon shiga sai ya yi zaman tagar biza a shekarunsa na farko kafin ya wuce gaba. Wanda ya je can shekaru arba'in da suka wuce, da wuya ya ga wata fuska in ba ta Bature ba. Yau kana iya tarar da baƙar fata daga Alabama, ko ɗan ma'aikatan gona 'yan asalin Meziko, ko 'yar da iyayenta suka yi ƙaura daga Koriya. Wannan canji ba da kansa ya zo ba. Wani ɓangare nasa sayensa aka yi da kuɗin gwamnati, ta hanyar wasu shirye-shiryen tallafin karatu da ke ɗaukar matasa daga gidajen da ba su gaji aikin jakadanci ba, su biya musu karatu, su horar da su, sannan su kai su har bakin ƙofar ma'aikatar.

Biyu ne manya a cikinsu: shirin Thomas Pickering da shirin Charles Rangel. Kafin a fahimci abin da suke yi, sai an san irin gidan da aka gina su domin su buɗe.

A 1924 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar da ake kira dokar Rogers, wadda ta haɗe ma'aikatan ofisoshin jakadanci manya da ƙanana wuri guda, ta ce daga nan jarrabawa ce za ta shigar da mutum. A takarda wannan adalci ne. Wani lauya baƙar fata, Clifton Wharton, ya zauna jarrabawar ya ci, aka ɗauke shi a 1925. Amma ba a tura shi makarantar horarwa tare da sauran abokan shigarsa ba, sai aka yi maza aka aika shi Monrobiya, babban birnin Laberiya. Daga nan ya shafe shekaru sama da ashirin yana kewaya wasu 'yan wurare da ma'aikatar ta ware wa baƙaƙen fata: Laberiya, tsibiran Kanari, Madagaska, tsibiran Azores. Sai a 1958 aka ba shi shugabancin ofishin Amurka a Romaniya, a 1961 kuma Shugaba Kennedy ya naɗa shi jakada a Norway. Shekara 36 ke nan bayan shigarsa aiki.

Tun kafin Wharton akwai baƙaƙen fata da suka wakilci Amurka, irin su Ebenezer Bassett da aka tura Haiti a 1869 da Frederick Douglass da ya bi sahunsa a 1889, amma naɗin siyasa ne, kuma kusan kullum zuwa ƙasar baƙaƙe. Hatta Edward Dudley, baƙar fata na farko da ya riƙe cikakken muƙamin jakada a 1949, Laberiya ce tasa.

Terence Todman, wanda ya yi jakadan Amurka a Chadi daga 1969 zuwa 1972, ya sha ba da labarin yadda a shekarun 1950, lokacin yana ɗaukar horo a cibiyar ma'aikatar da ke jihar Virginia, ba shi da ikon cin abinci a gidan abincin da abokan karatunsa Turawa ke ci, saboda dokar wariya ta jihar. Ya matsa wa ma'aikatar lamba har ta nemi mafita. Daga baya ya ƙi yarda a tsare shi a Afirka kawai, ya yi jakada a Kosta Rika da Sifaniya da Denmark da Ajantina. A 2022 aka sa wa ɗakin cin abinci na hedikwatar ma'aikatar a Washington sunansa, shekara takwas bayan rasuwarsa.

Mata ma ba su tsira ba. Har farkon shekarun 1970, jami'ar diflomasiyya in ta yi aure ana sa ran ta ajiye aiki. Wata jami'a, Alison Palmer, ta kai ma'aikatar ƙara a 1976 a madadin mata, shari'ar ta ja sama da shekara talatin. Jami'ai baƙaƙen fata su ma sun shigar da tasu ƙarar a 1986, aka sasanta a 1996 da biyan diyya da ƙarin girma ga wasu.

Wani zai ce wannan ai matsalar cikin gida ce, ina ruwan harkar waje da ita? Amsar tana kan manyan hanyoyin gabashin Amurka. A 1957 an hana ministan kuɗi na Ghana, Komla Gbedemah, zama ya sha lemo a wani gidan abinci a jihar Delaware, har sai da Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar White House don a wanke abin kunyar. A 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa ta zuwa miƙa takardun kama aiki ga Kennedy, ya tsaya shan kofi a jihar Maryland aka ƙi sayar masa. Lokacin ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Tarayyar Sobiyet ba ta barin irin wannan labari ya wuce ba ta yayata shi ba, ƙasashen Afirka kuma suna ta samun 'yancin kai. Amurka ta gane cewa ba za ta riƙa yi wa duniya wa'azin 'yanci da bakin mutane iri ɗaya ba, alhali ana ganin abin da ke faruwa a gidanta. Saboda haka duk wanda ya ɗauka tausayi ne kawai ya haifi waɗannan shirye-shirye, ya sake lissafi. Akwai neman adalci a ciki, amma akwai buƙatar ƙasa.

A 1980 aka sake dokar aikin diflomasiyya, aka rubuta a ciki cewa ya kamata ma'aikatan su zama masu wakiltar al'ummar Amurka kamar yadda take. Rubutawa ba ta da wuya. Wanda ya ɗauki maganar da gaske shi ne Edward Perkins, haifaffen Louisiana, mutumin da Shugaba Reagan ya tura jakada Afirka ta Kudu a 1986, baƙar fata a fadar gwamnatin wariyar launin fata ta P. W. Botha. Da ya dawo gida ya zama babban daraktan ma'aikatan diflomasiyya daga 1989 zuwa 1992, kuma a zamaninsa aka aza tubalin shirin tallafin da ya fara aiki a 1992. Daga baya aka sa wa shirin sunan Thomas Pickering.

Pickering Bature ne, kuma tsofaffin 'yan jaridar Najeriya za su tuna shi: shi ne jakadan Amurka a Legas daga 1981 zuwa 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Ya yi jakada a Jodan da El Salvador da Isra'ila da Indiya da Rasha, ya kuma wakilci ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya lokacin yaƙin Tekun Fasha na farko. Charles Rangel kuwa wani irin mutum ne daban. Ɗan unguwar Harlem ne a New York, ya bar sakandare bai gama ba, ya shiga soja, aka ji masa rauni a yaƙin Koriya, ya dawo ya yi karatu da tallafin da gwamnati ke ba tsofaffin sojoji har ya zama lauya. Ya yi shekara 46 a Majalisar Wakilai, daga 1971 zuwa 2017. Shi ne ya kawo gyaran dokar haraji na 1987 da ya hana kamfanonin Amurka masu hulɗa da gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu samun rangwame. Ba waliyyi ba ne, domin a 2010 majalisar ta tsawata masa a hukumance kan karya ƙa'idojin ɗa'a. Amma ya san abin da tallafin karatu ya yi masa a rayuwa, kuma ya san inda ake ajiye kuɗi a majalisa. A 2002 ya samo kuɗin kafa shirin da ke ɗauke da sunansa, aka damƙa gudanar da shi ga Jami'ar Howard.

Zaɓen Howard ba a banza ba ne. An kafa ta a Washington a 1867 domin ilmantar da baƙaƙen fata bayan yaƙin basasa. Nnamdi Azikiwe ya yi wani ɓangare na karatunsa a can. Cibiyar da ke riƙe da shirin tana ɗauke da sunan Ralph Bunche, malamin da ya kafa sashen kimiyyar siyasa na jami'ar, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1950 saboda sulhun da ya ƙulla tsakanin Isra'ila da maƙwabtanta Larabawa. Daga baya shirin Pickering ma ya koma hannun Howard.

Abin da ake ba ɗalibi da abin da ake nema a wurinsa

Sharaɗin farko shi ne zama ɗan ƙasar Amurka. Wannan ya kamata a faɗe shi ƙarara, don kada matashinmu na Kano ko Damagaram ya ga talla a intanet ya ɓata lokacinsa, ko wani ɗan damfara ya karɓe masa kuɗin fom. Amma ɗan Bahaushen da aka haifa a Bronx ko Houston yana da haƙƙin nema kamar kowa. Sannan ana son maki mai kyau a digirin farko, aƙalla 3.2 cikin 4, da niyyar shiga digiri na biyu na shekara biyu a fannin da ya shafi aikin, kamar hulɗar ƙasa da ƙasa, tattalin arziki ko tsara manufofin gwamnati. Ba a rufe ƙofa ga kowane launi ba. Abin da sanarwar shirin ta daɗe tana cewa shi ne ana ƙarfafa gwiwar tsirarun da ba su da yawa a ma'aikatar, da mata, da masu ƙaramin ƙarfi. Don haka talakan Bature daga ƙauyukan tsaunin Appalachia shi ma yana cikin waɗanda ake nufi.

A 'yan shekarun baya wanda aka zaɓa ya riƙa samun har dala 42,000 a shekara, tsawon shekara biyu: 24,000 na kuɗin makaranta, 18,000 na ci da sha da haya. Ga mai lissafi da naira kuɗin kamar ba sa ƙarewa, amma kuɗin makaranta kaɗai a manyan jami'o'in da ke koyar da wannan fanni, irin su Georgetown, ya haura dala 50,000 a shekara. Shi ya sa shirin ya ƙulla yarjejeniya da jami'o'i da dama su cika gibin. Ana kuma tura ɗalibi sanin makamar aiki sau biyu a hutun bazara. Ɗan Rangel yana yin na farko a ofishin wani ɗan majalisa, ɗan Pickering kuma a hedikwatar ma'aikatar. Na biyun duka a wani ofishin jakadancin Amurka a ƙasar waje ake yin sa. Ana haɗa kowa da wani gogaggen jami'i da zai riƙa yi masa jagora. In ya gama karatu ya cika sharuɗɗa, aiki na jiransa, shi kuma ya ɗauki alkawarin yin aƙalla shekara biyar. Wanda ya saɓa ana iya neman ya mayar da kuɗin.

A 2020 aka ƙara yawan waɗanda ake ɗauka a kowane shiri daga 30 zuwa 45 a shekara. Shirin Rangel ya kasance yana da wani reshe na mako shida a Howard domin masu digirin farko, don su ɗanɗana fannin tun da wuri. A 2012 hukumar raya ƙasashe ta USAID ta kafa nata shirin da sunan Donald Payne, ɗan majalisa daga New Jersey da ya yi suna wajen bin al'amuran Afirka. An kuma yi wasu ƙanana domin masu ilimin kwamfuta da jami'an tsaron ofisoshin jakadanci.

A ganina kuɗin makaranta ba su ne mafi tsadar abin da ake bayarwa ba. Ɗan maƙeri ba a zaunar da shi a koya masa zuga, yana tashi ya ga ana yi. Haka ɗan jakada ko ɗan babban lauya: tun yana yaro yana da fasfo, ya ji harsuna, ya san yadda ake zama a teburin manya, ya san akwai wani aiki da ake kira diflomasiyya kuma ya san wanda zai tambaya. Har zuwa 2022 yawancin guraben sanin makamar aiki na ma'aikatar ba a biyan ko sisi, wato sai wanda iyayensa za su iya riƙe shi wata biyu ko uku a Washington, birni mai tsadar haya, ba tare da albashi ba. Yarinyar da ke aikin kanti da dare don ta biya kuɗin makaranta ba ta cikin wannan lissafi, komai kaifin ƙwaƙwalwarta. Abin da shirin ke yi shi ne ya saya mata, da kuɗin gwamnati, abubuwan da wasu ke samu kyauta a gidan ubansu.

Dubi jarrabawar baka, kamar yadda aka daɗe ana yin ta. Ana zaunar da 'yan takara kamar biyar ko shida a teburi ɗaya, a ce su ma'aikatan ofishin jakadanci ne a wata ƙasa ta ƙage. A ba kowa takardun wani aiki, wannan na asibiti, wancan na horar da 'yan sanda, wani na rijiyoyi, a ba shi rabin sa'a ya karanta. Kowa ya gabatar da nasa cikin 'yan mintoci, sannan a gaya musu kuɗin da ke akwai ba za su isa duka ba, su daidaita a tsakaninsu. Masu jarrabawa na zaune a gefe suna rubutu, ba sa cewa uffan. Wanda bai san dawan garin ba zai ɗauka nasara ita ce aikinsa ya samu kuɗin, sai ya dage, ya katse mutane, ya ɗaga murya. Wata kuma da aka rene ta a kan kada ta yi gardama da baƙi sai ta yi shiru har lokaci ya ƙare. Duka biyun sun faɗi. Abin da ake nema shi ne mai kare nasa da hujja, mai sauraro, mai iya janyewa in ya ga na wani ya fi, mai jawo wanda ya yi shiru cikin magana. Bayan wannan akwai rubuta takardar shawara cikin ƙayyadadden lokaci da kuma ganawa da masu jarrabawa biyu. Wannan duk abu ne da ake koyo, kuma wanda ya samu mai gwada masa sau uku ko huɗu kafin ranar ya fi wanda ya shigo da ka nesa ba kusa ba.

Sai binciken tsaro, inda 'ya'yan baƙin haure da 'ya'yan talakawa suka fi shan wuya. Fom ɗin yana tambayar duk inda ka zauna cikin shekara goma, da 'yan uwanka da ke ƙasashen waje, da baƙin da kake hulɗa da su, da bashin da ke kanka. Wanda danginsa duka suna jiha ɗaya ya gama cikin sauƙi. Wanda ke da kawu a Tehran, gwaggo a Legas ko kaka a Shanghai, nasa binciken kan ja watanni. Abin mamaki, harshe da sanin al'adar da suka sa ake son sa su ne ke jawo masa zargi. An daɗe ana hana wasu jami'ai aiki a ƙasar asalin iyayensu, ko ma taɓa takardun da suka shafe ta. Andy Kim, wanda yanzu sanata ne, haifaffen Amurka, ya bayyana a 2021 cewa lokacin yana ma'aikatar an aiko masa takarda an hana shi aiki kan duk abin da ya shafi Koriya, ba tare da ya nema ba. A 2023 sakataren harkokin waje Antony Blinken ya sanar da daina sanya sababbin takunkumi irin wannan.

Wanda ya tsallake duka sai ya shiga ajin horon sababbi na 'yan makonni, wanda ke da wata rana da kowa ke jira. Ana tara su a zaure da iyayensu, a ɗaga ƙaramar tutar wata ƙasa, a kira sunan wanda aka tura can. Nan ne uwar da ba ta taɓa hawa jirgin sama ba take jin an ce ɗanta zai tafi Nuwakshot ko Ulanbator, ta juya tana tambayar na kusa da ita ina ne wurin.

Bayan an shiga

Nan ne labarin ya daina daɗi. Tun farko akwai gori. Zaɓen shirin yana sauƙaƙa wa ɗalibi matakin farko na tacewa, amma jarrabawar baka da binciken tsaro da na lafiya ba a ɗauke wa kowa. Duk da haka wasu abokan aiki na yi musu kallon waɗanda aka shigo da su ta ƙofar baya. Julie Chung, wadda aka haifa a Seoul ta zo Amurka tana ƙarama, tana cikin rukunin farko na shirin Pickering, kuma ta rubuta a mujallar ma'aikatan diflomasiyya a 2020 cewa ta daɗe ba ta son a san ta wannan hanya ta shigo. Ba ita kaɗai ba ce. Gurbi 45 ne ake fafatawa a kansa tsakanin ɗaruruwan masu nema daga duk faɗin ƙasa, amma wanda ya ci yana ɓoye nasarar kamar abin kunya.

Mu a Najeriya ba sai an fassara mana wannan gori ba. Tun kundin tsarin mulki na 1979 aka shigar da ƙa'idar raba muƙaman tarayya ta yadda kowane sashe zai ga nasa, kuma har gobe akwai ma'aikacin da ake yi wa habaicin cewa kason jiharsu ne ya kawo shi, ko da ya fi mai habaicin iya aiki. Bambancin da na gani shi ne tsarin Pickering da Rangel ya fi ba da ƙarfi ga shirya mutum kafin ya iso. Birazil ta gwada duka biyun: a 2002 makarantar horar da jakadunta, Cibiyar Rio Branco, ta fara ba baƙaƙen fata tallafin shirin jarrabawar shiga, sannan a 2014 aka yi dokar ware musu kashi 20 cikin ɗari na guraben aikin gwamnatin tarayya.

Babbar matsalar ita ce hawa sama. A watan Janairun 2020 ofishin binciken ayyukan gwamnati na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da rahoto kan ma'aikatar daga 2002 zuwa 2018. Tsiraru a cikin jami'an diflomasiyya sun ƙaru daga kashi 17 zuwa 24 cikin ɗari. Amma baƙaƙen fata daga kashi 6 suka koma 7 kacal, a ƙasar da suke kusan kashi 13 na jama'a. Kuma duk matakin da aka hau sama, sai fuskokin su ƙara zama iri ɗaya. Masu binciken sun ga tsiraru na samun ƙarin girma ƙasa da Turawa a matakai da yawa, ko da yake sun ce alƙaluman kaɗai ba su isa su tabbatar da dalili ba. A tsakiyar 2020, bayan kisan George Floyd, aka yi ta maimaita wani lissafi: cikin jakadun Amurka 189 da ke ƙasashen waje, uku ne kawai baƙaƙen fata da suka taso daga cikin aikin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yadda gidan ke tafiya. Ƙarin girma ya dogara da rahoton da maigidanka ke rubutawa a kanka duk shekara. Samun gurbi mai kyau kuma, irin wanda ke sa manya su san da kai, ya dogara da wanda zai ɗaga waya ya yi maka magana, da sunan da ka yi a bakin mutane a farfajiyar ofis. Tsarin kuma na hau-ko-ka-fita ne: wanda ya daɗe a mataki ɗaya ba a ƙara masa girma ba, dole ya yi ritaya. Shirin tallafi yana da iko a kan wanda zai shigo, amma ba shi da ta cewa a kan wanda za a gayyata cin abincin dare gidan mataimakin jakada. Ga kuma wulaƙancin da fasfon diflomasiyya ba ya karewa. A 2020 wata matashiya baƙar fata da ta yi aiki a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka na Ciudad Juárez a Meziko ta ba da labarin yadda jami'an kan iyakar ƙasarta suka riƙa tsare ta suna bincike kusan duk lokacin da za ta tsallaka gida, har abin ya taɓa lafiyarta ta bar aikin. Da yawa kan cika shekara biyar ɗin alkawari, su duba sama ba su ga mai kama da su ba, su tattara su koma kamfanoni inda albashi ya ninka.

Ba wai babu waɗanda suka kai ƙololuwa ba. Colin Powell ya zama sakataren harkokin waje a 2001, Condoleezza Rice ta gaje shi a 2005, amma dukansu daga waje aka naɗo su. Linda Thomas-Greenfield ta taso daga ciki tun 1982, ta yi aiki a Najeriya da Gambiya da Kenya, ta yi jakada a Laberiya, ta kai ga wakiltar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021. Irin su ne ake nunawa a hoto, kuma yawan nuna su na iya rufe gaskiyar cewa ba su da yawa.

Iskar siyasa

Shirin da ke rayuwa da kasafin kuɗin shekara-shekara yana hannun duk wanda ya hau mulki. An ga haka a 2017, lokacin da Rex Tillerson, sakataren harkokin waje na gwamnatin Trump, ya dakatar da ɗaukar ma'aikata. Aka gaya wa gomman ɗaliban Pickering da Rangel da suka gama karatu cewa babu ajin shiga aiki a gare su a lokacin, ko su jira ko su karɓi aikin biza na wucin gadi. 'Yan majalisa da tsofaffin jakadu suka yi ca, cikin 'yan makonni aka janye. Gwamnatin Trump ɗin nan ce kuma, ƙarƙashin sakatare Mike Pompeo, ta ƙara yawan guraben a 2020. Gwamnatin Biden ta naɗa Gina Abercrombie-Winstanley a 2021 a matsayin babbar jami'a ta farko mai kula da daidaiton wakilci a ma'aikatar.

Daga nan iska ta juya. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wa jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a shari'ar da ta shafi Harvard da Jami'ar North Carolina. Ranar da Trump ya dawo mulki, 20 ga Janairun 2025, ya sa hannu kan umarnin rufe shirye-shiryen daidaiton wakilci a duk ma'aikatun tarayya. Aka rushe USAID, shirin Payne ya tafi tare da ita, matasan da ke tsakiyar karatu da alkawarin aiki a hannu suka wayi gari babu hukumar da za su shiga. A watan Yulin 2025 ma'aikatar harkokin waje ta sallami ma'aikata sama da 1,300. Rangel kansa ya rasu a watan Mayun 2025 yana da shekara 94.

Masu goyon bayan wannan mataki suna cewa gwamnati ba ta da hurumin duba launi ko jinsi, cancanta kawai za a bi. Maganar tana da nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita da zagi ba, domin babu ƙasar da za ta so a tura mata wakili don cika lissafi. Inda na rabu da su shi ne zaton cewa kafin a kawo waɗannan shirye-shirye cancanta ce zalla ke aiki. Wharton ya ci jarrabawa, aka tura shi inda ba za a gan shi ba. Matan da aka sa su ajiye aiki saboda aure ba jarrabawa suka faɗi ba. Gurbin koyon aiki da ba a biya shi ma tacewa ce, sai dai aljihun uba take dubawa.

Akwai kuma lissafin lokaci, wanda 'yan siyasa ba su cika yi ba domin ya fi wa'adinsu tsawo. Jakada ba a shekara huɗu ake yin sa ba. Dereck Hogan, wanda shi ma ta shirin Pickering ya shigo a shekarun 1990, sai a 2018 ya zama jakada a Moldoba. Julie Chung ta kama aiki a 1996, ta isa Sri Lanka a matsayin jakadiya a 2022, bayan shekara 26. Rukunin farko na shirin Rangel, waɗanda aka zaɓa a 2003, yanzu ne suke isa shekarun da ake fara duba mutum domin manyan kujeru. Ɗaliban Payne da aka katse wa hanya a 2025 kuwa, da an bar su, sai wajen 2045 ko 2050 za su kai wannan matsayi.